Babana ya ce ban da yawo, ni kuma ɗaki ya ishe ni a Masar

Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗan Katsina ne, gidanmu yana wajen Ƙofar Marusa. Bara Allah ya yi mini tafiya Masar karatu, ina Kulliyar Shari'a ta Azhar. Mu biyar muke haya a Hayyul Ashir, dukkanmu 'yan Arewa. Ranar da zan taho, a zaure, gaban ƙannensa, Baba ya riƙe hannuna ya ce, "Karatu na tura ka. Ban da yawo." Na ce to. Tun daga ranar ban san ko'ina ba sai gida, tashar mota, aji, da masallacin ƙasan benenmu.

Yanzu abin ya fara cina. Ba na barci sai bayan asuba, waya ce a hannuna dare da rana ina kallon abin da ake yi a gida. Karatun ma ba ya shiga kamar da. Larabcin da na zo da shi na littafi ne, in mai kanti ya yi mini magana sai dai in yi ta murmushi. In muna cikin mota ina hango hasumiyoyi da tsofaffin gine-gine, raina yana so in sauka in taka da ƙafata, sai maganar Baba ta faɗo mini. Sau ɗaya na gwada zaga unguwa da yamma, wasu yara suka biyo ni suna kiran "samara, samara" suna dariya, na koma gida raina a ɓace. Abokan zamana sun ce ba abin da ke waje sai ƙura da 'yan damfara, wai wanda ba shi da kuɗin tasi ya zauna gida. Kuɗin da ake turo mini kuwa na haya ne da abinci, ba rara.

Kawu, an ce ka zauna a Masar. In na fita na saɓa wa Baba? In ban saɓa ba, ta ina zan fara, kuma yaya zan yi da tsoro?

Ɗanka, daga Alƙahira

Wa'alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa karatu albarka, ya ƙara wa Alhaji lafiya da nisan kwana.

Fita za ka yi, wannan ba na ko shakka. Amma kafin ka sa takalmi, sai ka kira mahaifinka.

Na san ba za a rasa mai ce maka ai ba irin wannan fitar Alhaji yake nufi ba, ka yi abinka kawai. Mai yiwuwa ma haka ne. Sai dai mai maganar yana raye, yana da waya a aljihu, kuma gaban ƙannensa ya ɗora maka ita, kai kuma ka amsa. Shi ya ɗaure, shi zai kwance. In ka fita a ɓoye ƙirjinka zai yi ta dukan uku-uku, ba za ka ga abin da ka je gani ba. Ga shi Masar cike take da 'yan Katsina, masu karatu da masu kawo marasa lafiya da 'yan kasuwa. Ranar da wani ya hango ka a kasuwar Khanul Khalili ya kai labari gida, ka zama mai laifi ko da littafi ka je saye.

Yadda za ka shigar da maganar shi ne aikin. Kada ka ce, "Baba, ina so in riƙa zaga gari." Duk uban da ya tura ɗansa wata ƙasa, abin da ke hana shi barci sananne ne: ya ji labarin 'ya'yan mutane da suka tafi da izu sittin a ka suka dawo da tiyon shisha a baki, da waɗanda suka shekara bakwai ba takarda ba labari. Wannan tsoron ne ya sa ya riƙe hannunka a zaure, kuma yana da hujja. Ka nemi lokacin da ya natsu, bayan isha, ka gaishe shi, ka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ka ce, "Baba, ashe Imam Suyuɗi a garin nan yake kwance. Ina neman izini in je in yi masa sallama." Babu dattijon Katsina da bai san Jalalaini ba, da shi ake tafsirin azumi tun kaka da kakanni, kuma Suyuɗi ne ya ƙarasa shi bayan rasuwar malaminsa Mahalli. Ka ƙara masa da abin da ƙila bai taɓa ji ba: wannan malami, wanda ya rasu a 1505, ya taɓa rubuto wasiƙar nasiha ga sarakunan ƙasashenmu, kuma cikin waɗanda ya ambata da suna har da Ibrahim Sarkin Katsina, wanda masana tarihi suke cewa shi ne Ibrahim Sura. Ko gidanku na ɗariƙa ne ko na Izala, ba wanda ya hana sallama ga mamata da tuna lahira.

Wannan buɗe ƙofa ne kawai, ba wayo nake koya maka ka yi wa tsoho ba. Daga nan sai ka faɗa masa gaskiyar duka: ba ka barci, karatu ya daina shiga, maganar mutanen gari ta gagare ka, kana so ka riƙa takawa. Ka kawo sharuɗɗan da bakinka tun bai nema ba: rana kaza, daga ƙarfe kaza zuwa kaza, ba dare, ba gidan shisha, ba fashin aji, kuma duk inda ka je za ka turo hoto ya gani. In ya ce a'a, ka ce to, kada ka ja. Bayan kwana biyu ka bi ta wajen Hajiya ko baffan da yake jin maganarsa. Kafin nan, cefane da masallaci da hanyar makaranta suna cikin abin da ya tura ka, don haka ka karɓi sayen burodin gidan ya zama aikinka, ka riƙa sauka mota tun kafin tasharka ka ƙarasa a ƙasa.

Abin da ka kwatanta game da barcinka kada ka raina shi. Mutum biyar gida ɗaya, harshe ɗaya, tukunya ɗaya, kowa ya dunƙule da wayarsa. Jikin da bai ga hasken safiya ba, bai gaji da rana ba, ba zai nemi barci da dare ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba baligi shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kuma tafiya da ɗan sauri tana ciki. Rabin awa sau biyar ke nan. In ka yi 'yan makonni kana fita amma barcin bai daidaita ba, ko abinci ya fita ranka, ko ka fara jin rayuwar ma ba ta da amfani, ka je ka ga likita, ka kuma gaya wa wani babba cikin ɗalibanku. Damuwa ciwo ce da ake magani, ba raunin imani ba ce.

To, ta ina za ka fara? Alƙahira da kewayenta mutum sama da miliyan 20 ne. Tuwo mai zafi daga gefe ake cinsa, gefen kuwa shi ne unguwarku. Ka zaɓi zagaye ɗaya na kamar rabin awa, ka riƙa binsa kullum a lokaci guda, bayan asuba in gari ya waye ko bayan la'asar. Kada ka sauya hanya don neman sabon abu. Mai burodi ɗaya, mai wake ɗaya, mai ruwan rake ɗaya, kuma kowa ka yi masa sallama. Da farko ba wanda zai ɗaga kai. Wata rana mai burodin zai ce maka "minen?", wato daga ina, ka ce Nijeriya, ya ce "ahsan nas", mutanen kirki. Haka suke ce wa kowa, kada kanka ya kumbura. Gaba kaɗan zai tambaye ka Ahli kake goyon baya ko Zamalek. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai ko da ba ka san ƙwallo ba, don hira ce ta shekara ya buɗe maka. In ya ji kai ɗan Azhar ne sunanka ya koma "ya sheikh". Amfanin maimaita hanya ɗaya shi ne a san fuskarka, har ranar da ba a gan ka ba a tambaya.

Larabcin da ya gagare ka ma a nan zai zo. Kunne ya fara sabawa da cewa jim ɗinsu "g" ce, ƙaf kuma haɗiye ta suke yi. Kalmomi kaɗan sun ishe ka ka fara: "law samaht" kafin ka tambayi mutum, "fen" don ina ne, "bikam" don nawa ne, "ala tul" miƙe, "yimin" dama, "shimal" hagu. In ka saki Larabcin littafi wani ya amsa maka da "sadaƙallahul azim", tsokana ce, ka yi dariya tare da shi. Matambayi ba ya ɓata, amma a Masar mutum biyu za ka tambaya, don da yawansu sun fi so su nuna maka wata hanya da su ce ba su sani ba.

Kuma ka riƙa ɗaga kai. Za ka ga uwar gida ta zuro kwando da igiya daga hawa na huɗu, mai kayan miya ya ɗauki kuɗin ciki ya zuba tumatir, ta ja abinta. Za ka ga yaro a kan keke, faifan katako mai tsawo a kansa cike da gurasa, hannu ɗaya a kan faifan ɗaya a kan keke, yana kurɗawa tsakanin motoci. Za ka ga tulunan ruwa da na'urar sanyaya ruwa a bakin titi, wani ya ajiye sadaka don masu wucewa. Daga tagar mota ba a ganin waɗannan.

Ranar da Alhaji ya ba da izini, ka ware safiyar Juma'a. Ita ce kaɗai lokacin da garin nan yake yin shiru, tituna fayau har zuwa hantsi. Ka shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, wanda suke kira metro. Tun 1987 yake aiki, shi ne na farko a Afirka, kuma kuɗinsa bai kai na tasi ko kusa ba. Ka lura akwai taragun mata zalla a tsakiya, kada ka faɗa ciki. Ka sauka Babus Sha'ariyya a layi na uku, ka tambayi Babul Futuh.

Kai da ka tashi a Ƙofar Marusa ba sai an yi maka bayanin ganuwa da ƙofar gari ba. Bambancin kawai, tasu ta dutse ce, kuma tana tsaye tun 1087, ita da maƙwabciyarta Babun Nasr. Birnin kansa Jauhar, kwamandan Faɗimiyyawa, ya kafa shi a 969, shekara ta zagayo ya sa harsashin masallacin Azhar da kake karatu a inuwarsa, aka fara sallar Juma'a a ciki a 972. Daga Babul Futuh titi ɗaya ne ya ratsa tsohon birnin har ƙofar kudu, Shari'ul Mu'izz, kilomita ɗaya da 'yan kai. Mai sauri zai gama shi a minti ashirin. Kai ka ba shi safiyar duka.

Kana shiga, masallacin Hakim yana hagunka. Ka cire takalmi ka zauna a farfajiyarsa ka huta da hayaniyar da ka baro. In ka ci gaba za ka iso inda titin ya rabu biyu, wani ɗan gini mai kyau ya tsaya a tsakiya, sabil ɗin Abdurrahman Katkhuda na 1744. Ka tsaya ka dube shi da kyau, don ire-irensa suna da yawa a garin. Ƙasa tagogi ne masu ragar ƙarfe inda ake miƙo wa masu wucewa ruwan sha kyauta, sama kuma makarantar allo ce ta yara. Mai kuɗin wancan zamani in yana neman lada, ruwa da karatu yake haɗawa a gini ɗaya. Gaba kaɗan sai ginin Sarki Ƙalawun na 1285, makaranta da kabari da asibiti a haɗe, inda ake duba talaka da mai kuɗi ba a karɓar ko kwabo; har yau akwai asibitin ido a wurin. Irin waɗannan gine-gine sai da tikiti, amma katin ɗalibi yana rage kuɗin, kuma ko daga waje ka tsaya ka ga abin kallo. Yawancin masallatan da ake salla a ciki ba a biya, sai ɗan abin da za ka ba mai tsaron takalma.

Daga nan hanci ne zai ja ka. Bayan maƙeran tagulla da masu zinariya akwai layin masu kayan ƙamshi da magunguna. A nan ne, lokacin da nake can, na ga buhu cike da goruba, an farfasa ta ana sayarwa a kan sikeli. "Dum" suke ce mata, jiƙa ta suke yi su sha da sanyi, musamman da azumi. Kusa da ita ga zoɓo, wanda suke kira karkade, ga tsamiya an dunƙula ta baƙi ƙirin. Miyar da suke ji da ita, mulukhiyya, lalo ce. Ka sayi zoɓon kaɗan ka kai wa abokan zamanka da suka ce ba komai a waje sai ƙura.

Titin Azhar ya yanke Mu'izz biyu wajen gine-ginen Sarki Ghuri. Ka tsallaka, ka bi ta cikin kasuwar tufafi har hasumiyoyi biyu su bayyana a kan wata ƙofa. Babu Zuwaila ke nan, ta 1092. A nan Turkawa suka rataye Tuman Bay, sarkin Mamluk na ƙarshe, a 1517. In kana da kuɗin tikiti ɗaya tak a ranar, a nan za ka kashe shi: ka hau matakalar hasumiyar, mai duhu da ƙunci, ka fito sama ka ga hanyar da ka biyo tun daga arewa, da Ƙal'ar Salahuddin a kan tudu, da rufin gidaje cike da tarkace da ɗakunan tantabaru. Daga ranar garin zai zauna maka a ka, ka san gabas ka san yamma. Kana saukowa, tsallaken titi akwai rufaffiyar kasuwar Khayamiyya, inda maza suke zaune a ɗan shago, ƙafa a naɗe, suna ɗinka ƙyalle kan ƙyalle da allura. Ka ga masu ɗinkin hula da na babbar riga a gida, za ka gane wahalar aikin; ka tsaya ka yaba ko ba ka saya ba. Sai ka juyo ka sami Juma'a a Azhar.

Abin da ya fi ba ni mamaki a wasiƙarka shi ne, kulliyarku a unguwar Darrasa take, kusa da masallacin Azhar, wato duk wannan da na lissafa yana bayan ajinku. Ba sai Juma'a ba ma. Ranar da malami bai zo ba, ka zaga bayan masallacin Azhar. Lungunan nan cike suke da shagunan littattafai, kuma a cikinsu akwai masallacin Shehu Ahmad Dardir, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 1786, wanda ake karanta littattafansa na fiƙihu a zaurukan Katsina har gobe. Shehu Khalil mai Mukhtasar ma mutumin garin nan ne. Kuma ba kai ne baƙin mutum na farko da ya taka waɗannan lunguna ba. Tun tsakiyar ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kashe kuɗinsu aka gina musu makarantar Malikiyya a Fusɗaɗ, tsohon garin da ke kudancin Alƙahira, don ɗalibansu da alhazansu. Mansa Musa na Mali ya sauka a garin a 1324 kan hanyarsa ta Makka, ya yi ta rabon zinariya har darajarta ta faɗi. A cikin Azhar kanta an daɗe da ware wa Barebari nasu ɓangaren, Ruwaƙul Barnawiyya, inda ɗalibansu suke kwana suke karatu.

Sauran wuraren sai a hankali, wata Juma'ar. In ka miƙe kudu daga Khayamiyya har ka tarar da titin Muhammad Ali ka yi hagu, za ka ɓulla masallacin Sultan Hasan da aka fara ginawa a 1356, wanda aka yi wa kowace mazhaba cikin huɗun makarantarta a kusurwa guda. Ka nemi ta Malikiyya. Masallacin Ibn Ɗulun na 879 ba nisa daga nan, hasumiyarsa matakalarta ta waje take, tana naɗe da ita, kuma da wuya ka tarar da cunkoso. Masallacin Amru bin As, na farko a ƙasar Masar, metro za ka shiga ka sauka Mar Girgis. Kabarin Suyuɗi yana wajen Babul Ƙarafa, kusa da filin Sayyida A'isha, Imam Shafi'i kuma yana can ciki gaba. Wannan ziyarar kada ka yi ta kai kaɗai, kuma da rana tsaka za ka yi ta. Maƙabarta ce mai faɗi da lunguna, mutane suna zaune a ciki, kuma a 'yan shekarun nan an yi ta rushe-rushe saboda aikin hanyoyi. Ka nemi tsohon ɗalibi da ya san wurin ya raka ka. Ranar da kanka ya yi zafi kawai, ba tarihi kake so ba, lambun Azhar yana nan kusa da Darrasa. A 2005 aka buɗe shi, a kan tudun da aka shekara ɗaruruwa ana zuba shara. Ana biyan kuɗin shiga.

Yanzu maganar yaran nan. Ba zan ce maka ba komai ba ne. Baƙar fata suke nufi, kuma za ka sake ji, wani lokaci daga bakin babba. 'Yan Sudan da 'yan Somaliya da ke unguwarku sun fi ka sanin zafinsa. Kada ka tsaya, kada ka rama, kada ka ɗaga hannu a kan ɗan kowa, don in rigima ta kai ofishin 'yan sanda baƙo ne a ƙasa. Ka ci gaba da tafiyarka yadda kake yi, ba gudu. In sun matsa, ka shiga shago ko masallaci ka yi sallama; sau da yawa dattijon wurin ne zai fito ya kore su, ya dawo yana ce maka "ma'alesh", wato yi haƙuri. Wannan ma yana cikin dalilin da na ce ka maimaita hanya ɗaya: a layin da mai burodi ya san ka, yaro ba zai bi ka da ihu ba, don ya san wanda zai kai ƙararsa wajen ubansa. Mutanen Masar akwai masu raini, akwai kuma wanda zai bar shagonsa a buɗe ya raka ka har kwana don kada ka ɓata. Duka biyun za ka gamu da su.

'Yan damfarar da abokanka suke faɗa suna nan, amma wuraren 'yan yawon buɗe ido suka fi tarewa, kuma salonsu bai da yawa. Wani zai tare ka ya ce masallacin a rufe yake, zo in nuna maka wata ƙofa, ƙarshenta shagon ɗan'uwansa. Wani zai sa maka abu a hannu ya ce kyauta ne, sannan ya nemi kuɗi. "La, shukran", wato a'a na gode, da ci gaba da tafiya sun isa. Kowane abu ka tambayi kuɗinsa kafin ka ci ko ka sha.

Abin da ya fi su haɗari biyu ne. Na farko mota. Direban Alƙahira ba ya tsaya wa mai ƙafa, kaucewa yake yi, don haka gudu ko ja da baya a tsakiyar titi shi ke jawo tsautsayi. Ka nemi wata dattijuwa mai kaya da za ta tsallaka, ka tsaya ta gefen da motoci ba sa zuwa, ka taka yadda ta taka. Inda akwai gada ko hanyar ƙarƙashin ƙasa, irin wadda ke tsakanin Azhar da filin Husaini, ka bi ta nan ko da ta fi nisa. Manyan hanyoyi irin Salah Salim kuwa ba a gwada su da ƙafa sai ta inda aka tanada. Na biyu hoto. Kada ka ɗauki ɗan sanda, soja, shingen bincike ko ginin gwamnati, ko da a bayanka suka fito. Hukumar ƙasar ba ta wasa da wannan. Mutane ma sai ka nemi izini, mata kuwa ka bar su. Kullum katin makaranta da kwafin fasfo da na iƙama su kasance a aljihunka, iƙamar kuma kada ka bari ta mutu. Ka rubuta adireshin gidanku da Larabci a takarda, da lambar abokin zama ɗaya da ta shugaban ɗalibanku, saboda waya tana mutuwa. Wayar ma ba a tafiya da ita a hannu a bakin titi, masu babur suna fizgewa. In za ka duba taswira ka jingina da bango. Unguwarku kuma ba ta yawon dare ba ce.

Kuɗi ba zai hana ka ba. Tikitin metro, gurasa da wake ko ta'amiyya, wato ƙosansu, kofin ruwan rake, in ka ji yunwa sosai kwanon kushari, haɗin shinkafa da taliya, shi ke nan. Abin da ya cancanci ka tara masa kuɗi takalmi ne mai rufi mai laushin ƙasa, don silifas ba za su kai ka Babu Zuwaila lafiya ba. Daga Yuni zuwa Agusta kada ka taka tsakanin azahar da la'asar, kuma gorar ruwa ta zama abokiyarka. Disamba da Janairu sanyinsu ya fi hunturun gida shiga ƙashi, amma su ne watannin tafiya. Tsakanin Maris da Mayu akwai iska mai zafi da ƙura da suke kira khamasin. Ranar da ka ga sama ta yi ja, a nan abokanka sun yi gaskiya, ka zauna gida.

Kada ka tsaya jiran su huɗun su yarda. Ka ja mutum ɗaya, wanda ya fi shiru a cikinsu, don mai yiwuwa abin da ke cinka yana cinsa bai faɗa ba. Fita mai nisa ku biyu, zagayen unguwa kai kaɗai, saboda in kuna tare Hausa za ku yi ta yi har ku dawo, ba wanda zai yi wa mai burodi magana. In jarrabawa ta rage wata guda, fitar Juma'a ta tsaya sai an gama, a bar rabin awar safe kawai. Takardar sakamako ita Alhaji zai fara dubawa kafin hotunan.

Allah ya tsare, ya ba da abin da aka je nema. Ka gaishe da abokan zamanka.

Kawunku